Na Gani, Ban Faɗa Ba

Abba, wai da gaske ne abin da na ji? Da gaske ka ga wayar wuta a gaban jirgi da idonka, kuna sama, ka tsaya neman yadda za ka gaya wa oganka cikin ladabi?

Ka ga ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya duk inda ka buɗe ta, a mota ne ko a bariki. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ka lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji uku na tsaya. Tun da muka fito sallar asuba nake zaune a zaure, na yage tsakiyar littafin makarantar ƙanwarka, idan ta tashi za a yi rigima.

Da baki ya kamata in yi maka maganar nan, amma ka san ba zan iya ba. Kai ne ɗan fari, kuma sunan babana aka sa maka. Shekara ashirin da uku ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa zama da kai mun yi hirar da ta wuce an tashi lafiya, lafiya lau ba. Haka aka yi mini, haka na yi maka. Shi ya sa zan ba Innarka takardar ta cusa maka a jaka tare da dambun naman da ta yi.

Sati biyu kenan da ka dawo gida aka ce hutu ne. Na ga ba ka cin abinci, na ga ba ka zuwa wajen abokanka, na ce wa kaina gajiyar aikin soja ce. Shekaranjiya da la'asar na taso aiki da wuri, ina wanke siminti a ƙafata da buta a bayan katangar madafi, sai na ji muryarka. Innarka tana tsince wake, kai kana zaune a kan turmi. Ban yi niyyar laɓe ba, amma gaskiya ban tashi ba.

Ka ce, "Inna, ba hutu aka ba ni ba. Jarrabawa na faɗi. Saura mini dama ɗaya, in na sake faɗuwa sun cire ni daga jirgi kenan."

Ta ce, "Kai da kake zuwa na ɗaya tun firamare? Karatun ne ya yi wuya?"

Ka ce ba karatu ba ne. Ka yi mata bayani, ni ma daga bayan katanga na fara sanin aikinka. Wallahi duk tsawon lokacin nan ina ce wa mutane ɗana yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu. Ashe ba kai ke tuƙi ba. Kai a baya kake, bakin ƙofa, an ɗaure ka da bel, kai ne idon matuƙi a wuraren da ba ya gani, ta wutsiya da ta ƙasa da ta gefe. Ka ce an kawo muku sabon tsari na horo, ana koya muku tashi ƙasa-ƙasa, kuna bin tsakanin itatuwa da duwatsu saboda mutanen daji masu bindiga, kuma mataki-mataki ake bi, wanda bai haye ɗaya ba ba ya zuwa na gaba. A cikin matakan akwai wanda ogan da ke koyar da ku zai karkata jirgin da gangan zuwa inda bai kamata ba, ya ga wa zai yi magana.

Ka ce, "Na ga wayar wutar sarai, Inna. Na danna abin magana na ce, yallaɓai ka yi haƙuri, ina ganin kamar... Kafin in kai ƙarshe ya ɗaga jirgin da kansa. Da muka sauka ya ce da ba gwaji ake yi ba, da yanzu ana neman wanda zai je ya gaya wa iyayenmu."

Innarka ta ajiye faifai. Ta ce, "To me ya so ka ce masa?"

"Waya, dama, hau sama. Da ƙarfi. Ko yallaɓai babu."

"Ga babban mutum? Sa'an babanka?"

"Ya girmi Baba ma."

"La'ilaha illallahu. To ai gara da ka faɗi, ɗan nan. Ni ban haifi mara kunya ba."

Ka yi dariya, amma ba ta dariya ba ce. Ka ce, "Ya ce idona ya ci jarrabawa, bakina ne ya faɗi. Na gwada, Inna. In na buɗe baki sai in ji kamar an riƙe mini wuya."

Abba, ruwan da ke butar nan a ƙasa ya tsiyaye, ban sani ba. Na san wanda ya riƙe maka wuya.

Jiya ban je aiki da safe ba. Na tafi Ƙofar Doka, nan cikin Zariya, wajen Saje, tsohon sojan saman nan mai gyaran janareta, wanda ya cika maka takardu lokacin da za ka shiga. Na same shi ya kwance wani inji ya baje a kan buhu. Ya ce, "A'a, uban janar! Yau kuma siminti ya yi yaji ne?" Na ce ba wasa ya kawo ni ba, na gaya masa abin da na ji. Na ce, Saje, wannan wane irin aiki ne da za a kayar da yaro don ya yi ladabi?

Ya goge hannu ya ce yaransa da ke ciki har yanzu sun ba shi labarin tsarin. Ya ce, "A zamaninmu ka ce wa ofisa ya yi kuskure? Sai dai ka ƙarasa maganar a gadurum, kurkukun bariki. Yanzu kuwa an juya abin. Kuma ba yara kaɗai ba, kowa sai ya sake zama an gwada shi. Mutum da furfurarsa, ya yi shekara da shekaru yana tashi, a ce ya zo ya nuna ya iya."

Na ce, su yarda?

Ya ce, "Wanda bai yarda ba ya zauna a ƙasa ya riƙa shan shayi. Bari ma ka ji wadda ta fi. Duk sanda suka sauka, sai su shiga ɗaki su rufe ƙofa, kowa ya faɗi kuskuren da ya yi a sama. Babban cikinsu shi ke farawa."

Na ce, a gaban yaran?

"A gaban yaran."

Na riƙe baki. Ni dai tun da nake ban taɓa jin babba ya tara na ƙasa da shi ya ce na yi kuskure ba. Na ce, Saje, wannan ba lalata tarbiyya ba ne? Sai ya daina murmushi. Ya ɗauki sifana ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, ni na taɓa zuwa kwasar abin da ladabi ya bari a daji. A buhu muka zuba. Kada ka sa in yi maganar da safen nan."

Daga Ƙofar Doka zuwa unguwarmu Kusfa da ƙafa na dawo, mai acaɓa yana yi mini hon ban ji ba. Abin da na yanke shi ne, tunda a wajenku babba ke fara faɗin nasa, to ni ne babba a gidan nan. Bari in fara.

Kana da shekara goma sha ɗaya, muna ƙauye ba mu dawo birni ba tukuna. Ranar feshin waken Baffanka Sale, yayana. Ka tuna? Na san ka tuna. Ya sayo sabon magani, ya buɗe yana tuttulawa a tankin feshi da ido, yadda ya saba yi da tsohon. Mutum huɗu 'yan ƙwadago suna tsaye. Kai ka ɗauki robar maganin kana karanta jikinta, don a lokacin duk gidanmu kai kaɗai ke karanta Turanci. Ka ce, "Baffa, an rubuta murfi biyu ne kawai." Ɗaya daga cikin 'yan ƙwadagon ya yi dariya. Baffanka ya dube ni. Ni kuwa na tako na kwaɗa maka mari har robar ta faɗi. Na ce, wa ya sa bakinka? Baffan naka yana noma tun ba a haifi uwarka ba.

Ba ka yi kuka ba. Ka sunkuya ka ɗauki robar ka miƙa masa da hannu biyu.

Kwana uku ganyen waken nan ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Gona guda. Baffanka ya ce maganin jabu ne, ni na ce haka ne, duk gari aka ce maganin jabu ne. Na san ba jabu ba ne. Na wuce ka a tsakar gida sau nawa a satin nan, ban ce maka komai ba. Kuma daga ranar ban sake jin ka gyara wa wani babba magana ba. Mutane suna ce mini, kai ɗanka akwai natsuwa, ko ɗaga ido ba ya yi. Ina jin daɗi, ina cewa alhamdu lillahi. Ashe abin da nake alfahari da shi, shi zai tare ka a sama wata rana.

To ka ji, Abba. Ranar nan kai ne da gaskiya, ni ne da laifi. Ka yafe mini marin nan. Ban taɓa roƙon gafarar wanda na haifa ba, amma na rubuta kuma ba zan goge ba. Abin da ka karanta ka tabbatar, ka faɗe shi, ko wa ke tsaye a wajen.

Sai wata ƙarama, wadda ka sani kuna yi mini dariya kai da ƙannenka. Shekara huɗu da muka tare a Kusfa, ranar farko na je gaida Malam mai gidan da muke haya. Na tsuguna a ƙofar zaurensa, littattafai sun kewaye shi, ya tambayi sunana na ce Haruna. Ya ce, "Madalla, Malam Hamisu, Allah Ya sa ka shigo a sa'a." Na ce amin. Na ce a raina gobe zan gyara. Gobe ya kira ni Hamisu a gaban mutane na amsa. Yau duk unguwa Hamisu nake, mai shago, liman, yara, har Innarka in tana son ta tsokane ni. Ran nan wani ya zo daga ƙauye yana neman gidan Haruna lebura, ya yi awa biyu yana zagaya lungu, aka ce masa babu mai wannan suna a nan. Abin dariya ne, na sani. Amma ka duba, maganar da za ta ɗauke ni numfashi ɗaya a ranar farko, yau ko na tara unguwa ba za ta gyaru ba. Idan oganka ya faɗi abu ba daidai ba, ko ya ba ka umarnin da ba ka gane ba, a take za ka ce ban gane ba, a sake. Kada ka ce amin ka bari sai gobe.

Yanzu sai babbar. Wannan ko Innarka ba ta sani ba. Na tashi na zagaya sau biyu kafin in iya fara ta.

Kana goye a lokacin. Shi ne zuwana Zariya na farko, cin rani, ni da abokina Dauda, ɗan maƙwabtanmu. Dauda mai wasan kokawa, wanda yanzu ka san shi da sanda yana sayar da rake a bakin kasuwar ƙauye. An gaya maka faɗowa ya yi daga gini. Haka ne. Amma ba a gaya maka komai ba.

Mun shigo birni ba mu san kowa ba. Lungunan nan duk iri ɗaya suke a idona, ranar farko sau uku ina fita in sayo ƙosai in kasa gane hanyar komawa. Ko gaisuwa na yi sai yara su maimaita yadda na faɗa su yi dariya. Wani magini, Malam Tanimu, Allah Ya jiƙansa, ya ɗauke mu aiki. Dattijo ne, ginin ƙasa ya gada tun kakanni, in ya ɗora tubali kamar an auna da zare. Ana sake rufin wani zaure ne a cikin birni. Aikinmu mu kwaɓa ƙasa, mu miƙa tubali, mu ɗauko azara.

Ina ɗauko azarar nan ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa, sai na zo kan wata na ji ba ta da nauyi. A ido lafiyarta lau, baƙa, doguwa, ta fi sauran kyau ma. Da na jingina ta sai wani gari ya zubo daga gindinta. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ta amsa kamar ganga. Abba, ni ɗan ƙauye ne, ban san ginin birni ba, amma na san gara. Rumbunmu biyu ta ci. Na san cikin azarar nan babu komai.

Na je gindin katanga inda Malam Tanimu yake sama, na tsuguna. Ina jira ya dube ni in nemi izinin magana. Ina ta shirya yadda zan fara, ranka ya daɗe ne, ko Allah gafarta Malam, kada ya ga kamar ina koya masa aiki. Ya leƙo ya ce, "Kai baƙauye, me ka tsuguna kana kallona kamar ka ga sabon wata? Miƙo azara!" Sauran leburori suka kwashe da dariya. Na tashi. Na miƙa masa ita.

Da hannuna na miƙa.

Na ce a raina, shi da ya shekara arba'in yana aikin nan, in akwai matsala ai zai ji a hannunsa. Amma mutum biyu suka karɓa daga sama, nauyin ya rabu, ba wanda ya ji komai. Aka jera ta a tsakiya.

Washegari aka shimfiɗa zana aka fara zuba ƙasa a kai. Dauda aka ce ya hau ya tattake, don ya fi mu ƙarfi. Yana sama yana tsokanata, yana cewa, "Haruna, miƙo da sauri, ko matarka ta fi ka hannu!" Ina ɗaga masa kwanon sarki cike da ƙasa kenan na ji ƙara, ba ma babba ba, kamar an karya kara. Na ɗaga ido babu Dauda.

Da hannu muka tone shi. Ƙugunsa ya karye, ƙafar dama ta juya. Mutumin da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba a duk ƙauyukanmu, aka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa.

Malam Tanimu ya ɗauko guntun azarar ya murza, ta zama gari a hannunsa. Dattijon nan ya zauna a kan ƙasa, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ina idona yake? Ina idona yake?" Sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Don Allah, cikinku babu wanda ya lura?" Ya zo kaina. Na sunkuyar da kai na ce, ban lura ba, Malam.

Ta farko tsoro ne. Ta biyu ƙarya ce.

Malam Tanimu ya shekara guda bai hau gini ba. Ya ce idonsa ya mutu, ba zai kashe ɗan wani ba. Har ya rasu yana ganin laifinsa ne shi kaɗai. Dauda kuwa duk sallah in na je gida sai ya zaɓo mini rake mai kyau ya fere da kansa, ya ƙi karɓar komai, yana cewa ai ni ne na tone shi. Ni kuma in karɓa in sha.

Shekara ashirin da biyu ina gaya wa kaina ladabi ne ya hana ni magana, girman dattijo na gani. Sai jiya a hanyar Ƙofar Doka na dubi abin da kyau. Wane girma na ba Malam Tanimu? Na bar shi ya kusa kashe mutum, na bar shi da kuka a gaban yaransa, na bar shi ya shiga kabari da nauyin da ba nasa ba. Ba shi na kare ba. Kaina na kare, kada a sake ce mini baƙauye a yi dariya. Da na ce, Malam, gara ta ci wannan, iyaka ya zage ni, ya ƙwanƙwasa, ya jefar da ita. Da la'asar an manta.

To ka buɗe kunne. Ogan nan naka da ya karkata jirgi wajen waya, ba wulaƙanta ka yake so ya yi ba. Mutum ne mai iyali, yana son ya san in ya ba ka bayansa za ka tsare masa. Ba gaisuwarka yake nema a sama ba. Wanda ya ga waya ya tsaya yallaɓai ka yi haƙuri, bai girmama ogansa ba, ya bar shi ne shi kaɗai. Ni na yi, na ga ƙarshensa. A ginin ƙasa ma, inda mutum ke da yini guda ya yi tunani, ga abin da ya faru. Ku kuma an ce ƙiftawar ido ce.

Ban ce ka zama mara kunya ba, kada Innarka ta ce na ɓata mata ɗa. In kun sauka ka sara masa yadda kuke yi, ka ɗaukar masa jaka, in ya zo gidan nan ni da kaina zan shimfiɗa masa tabarma. A ƙasa shi uba ne. Amma da zarar farfelar nan ta fara juyawa, ni mahaifinka na ba ka izini, na kuma umarce ka, ka ɗaga murya. Ka daka masa tsawa in ta kama. In akwai alhaki a ciki, a wuyana. In ka ji an riƙe maka wuyan nan, ka tuna mai riƙewar ya saki, ga shi a rubuce.

Kuma kada ka jira sai ranar jarrabawa. Baki ma sai an saba masa, kamar kafaɗa da ɗaukar kaya. Ka fara yau. Motar da za ka shiga, in direba ya zo wuce tirela a kan kwana, ka ce masa direba koma hannunka, da ƙarfi, ko akwai alhazai a gaba. Za su juyo su dube ka. Su duba. In an zuba maka abinci a bariki gishiri ya yi yawa, ka faɗa. Ka yi ta yi da ƙananan abubuwa har bakin ya saki.

In an shiga ɗakin nan da ake faɗin kuskure, kada ka rage naka, kada ka ce ban lura ba alhali ka lura. Wannan kalma na san nauyinta. Kuma in Allah Ya ja kwana ka zama babba, wani yaro ya gyara maka magana a gaban mutane, za ka ji zafi ya taso maka har kunne, za ka ji kowa kai yake kallo. Na san yadda yake. Ka haɗiye. Ka ce masa na gode, ko da shi ne bai gane ba. In ka kunyata shi sau ɗaya ka rufe bakinsa kenan, kuma wata rana bakin nan kake bukata.

Abu ɗaya kuma. Ka ɓoye mini faɗuwarka sati biyu, kana cikin gidana. Ban ga laifinka ba, ni na gina katangar. Amma in an yi jarrabawar nan, ko ka ci ko ba ka ci ba, ni za ka kira. Ba Innarka ta gaya mini ba. Wayata tana aljihu kullum, in ina kan gini ma zan sauko. In ka ci mu gode wa Allah. In ba ka ci ba ka dawo gida, ba wanda zai ce maka komai, sai dai ina so in ji cewa ka buɗe baki ka yi ihu, ko da a kan abin da ba shi ba ne. Gara a ce ka yi ihu a kan igiyar shanya da a ce ka yi shiru a kan wayar wuta.

Allah Ya tsare ka a sama, Ya tsare ka a ƙasa. Allah Ya tsare oganka da duk wanda zai shiga jirgi tare da kai, Ya mayar da ku ga iyayenku da ƙafafunku. Allah Ya kare ku daga harsashin mutanen daji, da waya, da itace, da abin da ido bai gani ba. Allah Ya buɗe bakinka a inda ya kamata. Allah Ya yi maka albarka duniya da lahira. Ka riƙe salla. Ƙannenka suna gaishe ka, ko da yake ba su san ina rubutu ba.

Ba zan raka ka tasha ba, kada ka ga kamar fushi ne. Ga dalili. Benen da muke yi a bayan masallacin unguwa, kwana shida kenan da zuba dakin, wato simintin rufin sama, kuma ruwan sama bai bar shi ya sha iska ba. Jiya da yamma na ji birkilan da ke kanmu yana cewa yau da ƙarfe takwas za a cire katakan da suka tokare shi, wai ana jiransu a wani aikin. Na danna ƙusa a gefen simintin ta shiga. Yara uku ne za su shiga ƙarƙashi su buge katakan. Na ji, na gani, na ɗauki buhuna na taho gida ban ce komai ba, ka ji halin nawa.

Birkilan nan yana da zafi, ya kori mutum biyu a watan nan a kan abin da bai kai wannan ba. Wataƙila in zama na uku. Tun ɗazu nake maimaita abin da zan ce masa, na cire ranka ya daɗe, na cire ka yi haƙuri, abin da ya rage bai fi kalma biyar ba. Shekarata arba'in da huɗu ban taɓa yi ba.

Ga shi rana ta hau katangar Malam, bakwai da rabi ta wuce. Ka sauka lafiya, Abba. Ni dole in tafi yanzu, kafin su ɗauki guduma.